Sallamar da Aka Amsa a Ɗakin Hamani

Larabar da Hamani ya tafi kasuwar Ƙonni, gari ya wayi da zafin nan na ƙarshen bazara wanda ke hana ko kaji fitowa daga ƙarƙashin rumbu. Hadari ya haɗu a gabas tun hantsi, ya yi baƙi ƙirin, ya tsaya cak, har rana ta faɗi bai sauke ko ɗigo ba. Duk wanda ka gamu da shi a tashar Malbaza kansa na sama. Hamani kaɗai ke kallon ƙasa, domin shi a wannan shekara tsoron ruwa yake ji. Ya san da an yi ruwa an gama shuka, jikansa Muttaƙa zai tafi arewa.

Hamani mutumin wani ƙauye ne a bayan Bazaga. Shekara biyu ya yi a lakwal, wato makarantar boko, aka fitar da shi ya koma kiwon awaki, amma a cikinsu ya iya rubuta sunansa da karanta lambar mota, kuma da wannan ɗan ilimi ya ci abinci har tsufa. Ya zo Malbaza yana saurayi, ya yi dako, daga baya aka ba shi gadin wani fili inda kamiyoyi, manyan motocin ɗaukar siminti, ke jiran lodi. Shekara talatin da ɗaya yana buɗe ƙofa yana rufewa. Ba mai magana ba ne, har direbobi suka sa masa Kurman Ƙofa. Sai dai akwai abu ɗaya da kowa ya san shi da shi: bai taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba. Direba ya jefo ta daga saman mota cikin rugugin inji, zai amsa. Mahaukaci ya yi ta, zai amsa. Ko mai labarai ya yi sallama a rediyo, za ka ga leɓen Hamani ya motsa. Yara na dariya. Matarsa Lantana ta daina dariyar tun suna da ƙuruciya.

Ɗa namiji guda Allah ya bar musu, Sumaila. Ya tashi cikin kamiyoyin nan, ya zama direba, ya rasu a hanyar Agadas yana da shekara talatin da huɗu. Can aka rufe shi. Hularsa kawai aka kawo musu da takardar tuƙinsa, Hamani bai taɓa ganin kabarin ba. Uwar Muttaƙa ta yi wani aure a Sakkwato, yaron ya zauna hannun kakanninsa tun yana shekara tara.

A shekara ta sha shida Muttaƙa ya bar lakwal, ya fara zama da samarin tasha waɗanda ba su da hira sai ta zinariyar arewa da wanda ya tafi da silifa ya dawo da mota. Wata safiya Lantana ta shiga rumbu ɗebo hatsi, ta fito ta kira Hamani da hannu. A bayan dammunan gero akwai jaka da wando biyu da bargo, da jarka da aka naɗe da buhu aka ɗinke, irin ta masu shiga hamada. Ɗinkin ya yi kyau ƙwarai, da gani an daɗe ana yinsa. Hamani ya duba, ya mayar da komai yadda ya same shi.

"Ba ka yi mashi magana?" in ji Lantana.

"Na yi wa ubanshi," ya ce.

Abin da ya lura da shi shi ne, wuri ɗaya kawai yaron ke iya daɗewa bai motsa ba: rumfar da ake buga ƙwallo a tele kusa da tasha. In ba shi da na biya, sai ya tsaya bayan masu bugawa, yatsunsa na motsi cikin aljihu. Shi ya sa Hamani ya sayar da ragon da yake kiwo don layya, ya hau motar Ƙonni bai gaya wa kowa abin da zai sayo ba.

A layin masu gyaran waya aka nuna masa kantin wani Ɗan'azumi, mutum mai baki da tabarau a goshi.

"Baba, akwatin wasa? Na jika ne, ko amarya anka yi muna ba mu ji ba?"

"Na jika ne."

"Shekarunshi nawa?"

"Sha shida."

Ɗan'azumi ya jero masa uku a kan tebur. Ya fara ɗaga wani ƙarami kamar tafin hannu. "Wanga shi yara ka so. Ba ruwanshi da tele, ba ruwanshi da wutar gida. Shina shiga aljihu. Cikin mota, cikin daji, duk inda yaro ya tahi, da shi zai tahi."

Hamani ya sa yatsa ɗaya ya tura shi can gefe. "Ɗauke wanga."

Na biyu sabo ne dal cikin kwalinsa, da jin kuɗinsa Hamani bai ko taɓa shi ba. Na uku baƙi ne, mai faɗi kamar allo, gefensa ya ɗan karce.

"Wanga na hannu ne, Baba, ba ni ɓoye maka. Kuma shina da fitina. Sai tele, sai wuta, sai a ajiye shi wuri guda inda iska ka shiga, ba shi son jijjiga, ba shi son ƙura."

"Ba a tahiya da shi?"

"Ina! Ko Tsarnawa ka kai shi bisa moto sai ya yi maka fushi."

Hamani ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, yadda yake yi wa ɗan akuya a kasuwa. Ya sa aka kunna, ya kara kunne ya saurari numfashinsa. Sannan ya ɗauki abin riƙewar, wanda suke kira manet, ya juya shi. A gefen hagu robar ta cinye, ta yi ɗan rami daidai babban yatsan mutum. Ya sa nasa yatsan a ciki. Ramin ya fi yatsansa ƙanƙanta.

"Na wa ne?"

"Ya zaga, Baba. Wani saurayi ya saida shi nan layin shekara biyu da sunka wuce, daga nan ya yi rumfa biyu cikin ƙauye, ya dawo hannuna. Abu guda zan gaya maka: wasannin da ke ciki da sunan mai shi na farko suke. Kar yaro ya goge sunan. Ya goge, komai ya tahi."

Hamani ya naɗe akwatin cikin rawaninsa ya rungume shi har Malbaza.

Da Muttaƙa ya ga abin, sai da ya haɗiye yawu sau biyu kafin ya iya ɗaure fuska.

"Tsoho, wa ya ce maka ina so?"

"Wa ya ce naka ne? Nawa ne. Ɗakina zai zamna. Kai dai ka iya haɗawa, ko in kira ɗan makwabta?"

"Kai da ko rediyo sai na kama maka tasha!"

"Bar shi, maigidana," Lantana ta ce wa jikanta daga madafa. "Tsufa ne ya zo mashi ta baya. Gobe ƙwallo zai saye."

Akwai wata shafaffiyar tele da Sumaila ya kawo a tafiyarsa ta kusa da ƙarshe, tana rufe da zane shekara bakwai, ba a kunna ta sai da salla. Ita Muttaƙa ya sauko da ita ya haɗa. Akwatin ya yi ƙara ɗaya, ya kawo haske shuɗi, sai rubutu ya fito. Muttaƙa ya ce sai an haɗa shi da wifi kafin ƙwallon ta buɗe sosai, har ma mutum ya buga da wani da ke Yamai ko Kano yana zaune a ɗakinsa.

"Ina igiyar?" Hamani ya tambaya yana dube-dube cikin leda.

"Babu igiya. Wayata za ta ba shi, ta cikin iska."

"Ta cikin iska." Hamani ya gyaɗa kai a hankali. "To, Allah shi sa na gari ne ka biyo ta."

Aikin bai zo da sauƙi ba. A gidan Hamani rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa sosai sai a gindin bishiyar bedin da ke tsakar gida. In an rataye wayar a reshe, ita ta samu, amma akwatin da ke cikin ɗaki ba ya jin ta. In an matso da ita bakin ƙofa, akwatin ya ji ta, ita kuma ta rasa. Muttaƙa ya yi ta kai da kawo yana tsaki. Hamani ya karɓi wayar, ya ce yaron ya zauna gaban tele ya riƙa faɗa masa. Ya dinga tafiya taki ɗaya ɗaya yana ɗage da hannu, daga bedi zuwa bango, daga bango zuwa taga, yana tsayawa yana jira, kamar mai neman inda za a gina rijiya. A saman taga ta waje, kamu ɗaya ƙasa da indararo, Muttaƙa ya yi ihu: "Nan! Kar ka motsa!" Hamani bai motsa ba har aka kawo masa ƙusa da dutse. Ya kafa ta da kansa, aka sa wayar cikin tsohuwar safa aka rataye.

Sai wani dogon layi ya fito a tele yana cika sannu sannu. Muttaƙa ya ce akwatin ya daɗe bai sha iska ba, sai ya ƙoshi tukuna. Aka ɗauke wuta, layin ya tsaya. Aka kawo, ya ci gaba. Yaron ya gaji ya fita, Hamani ya zauna yana gadinsa. Ya saba da jiran abin da ke tafiya a hankali. Bai cika ba sai ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci.

Sunan da ya fito a saman tele Abdussamad ne. A gefensa wani ɗigo ya zama kore, sai saƙonni suka fara zubowa, ƙit, ƙit, ƙit, har Lantana ta leƙo. Muttaƙa ya buɗe yana karantawa da ƙarfi, da farko cikin dariya. Duk daga mutum ɗaya suke, wata Bushira, kuma kowane ranar Juma'a aka aiko shi. Salamu alaikum Yaya. Salamu alaikum Yaya. Wani lokaci da ɗan ƙari: Inna ta yi zazzaɓi amma ta samu sauƙi. Akuyarka ta haifi biyu. An ɗaura auren Husna. Sun fi ɗari. Ba a amsa ko ɗaya ba. Muryar Muttaƙa ta yi ƙasa, ya daina karantawa.

Suna cikin haka wani sabo ya faɗo.

"Mi anka ce?" in ji Hamani.

"Irin na ɗazu ne. Sallama."

"Yanzu anka yi ta?"

"Yanzu. Amma ba da mu ake ba, Tsoho."

"Ɗakin wa ta shigo?"

"Naka, amma..."

"To amsa. In ka amsa sai mu gaya masu ko mu su wane ne. Ba a fara bayani sallama na tsaye bakin ƙofa."

Rubutu da manet aiki ne, harafi ɗaya ɗaya ake tsinta. Muttaƙa ya haɗa wa alaikumus salam ya tura, ya fara neman haruffan layi na biyu. Bai kai ga kalma ta uku ba saƙonni suka rufe allon. Yaya? Yaya kai ne? Kana ina? Kar ka kashe. Don Allah kar ka kashe, ga Inna. Sai wani ya zo wanda ba rubutu ba ne. Yatsan yaron ya danna shi tun kafin ya yi tunani, muryar wata dattijuwa ta cika ɗakin, tana haki kamar wadda ta yi gudu.

"Abdu. Abdu, ni ce. Ka ci abinci? Ba ni fushi, wallahi ba ni fushi. Ko ba ka samo komi ba, ka taho gida."

Ludayin da ke hannun Lantana ya faɗi a bakin ƙofa. Muttaƙa ya miƙa hannu ya fizge wayar wuta daga bango, tele ta yi baƙi, fuskokinsu su uku suka fito a cikinta.

Ya kamata a sake kunnawa nan take a faɗi gaskiya. Hamani ya san haka, kuma har yau bai taɓa cewa bai sani ba. Amma sai ya ce a bari gobe. Ya ce yana neman kalmomin da za su dace. Gaskiyar da bai faɗa ba ita ce tsoro ya ji: kada a ce kayan sata ne, jandarma su zo su ɗauke akwatin, ko masu shi su ce a mayar musu, yaron ya koma wajen jarkarsa. Ranar Asabar da la'asar ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Lahadi da Litinin suna gona, Hamani na sara da sungumi, Muttaƙa na bin sa yana jefa iri yana rufewa da ƙafa. Duk saran da tsohon ya yi sai ya ji muryar nan tana tambaya ko an ci abinci. Ya zauna cin tuwo ya ji ta. Ya ɗaga buta ya ji ta. Kafin magaribar Litinin ya ce wa yaron ya rataye wayar.

Abin da suka tarar ya fi na farko nauyi. Bushira ta rubuta cewa an yi sadakar masa an raba wa unguwa. An gaya wa liman ya yi addu'ar godiya. Kawunsu ya taso daga Tawa. Inna ta sa an share ɗakin Abdussamad an shimfiɗa sabuwar tabarma, ta ƙi zuwa gona don kada ya iso ba ta nan.

"Rubuta," in ji Hamani. "Ni Hamani ne, tsoho a Malbaza. Akwatin saye na yi a Ƙonni. Ban san ɗanku ba, ban taɓa ganinshi ba. Ni na sa anka amsa sallama, ba yaron ba. Ku yafe mani." Sannan ya ƙara da cewa, "Sa masu lambar wayarka."

Ranar Alhamis suka zo, daga wani ƙauye a ƙasar Illela. Bushira budurwa ce mai koyarwa a lakwal, idanunta sun kumbura. Uwar, Sahiya, 'yar siririya ce, ta yafa baƙin mayafi duk da zafi. Lantana ta shimfiɗa musu tabarma a gindin bedi ta kawo fura, ba wadda ta taɓa. Hamani ya durƙusa nesa kaɗan ya fara ba da haƙuri, Sahiya ta ɗaga hannu.

"Malam, bari. Shekara biyu ina jiran wani ya amsa. Kwana ukun nan na yi barci irin wanda na manta da shi. Ban san ko in gode maka ko in kai ka gaban Allah ba, shi ya sa na taho in gan ka."

Bushira ce ta ba da labarin. Abdussamad ya gama karatu bai samu aiki ba. Ya yi shekara yana gyaran waya a Ƙonni, a nan ya sayi akwatin, shi ya sa mata abin aika saƙon a wayarta don su riƙa hira in yana wasa. Sai ya sayar da komai nasa ya bi motar arewa. Ya kira sau ɗaya daga Agadas ya ce gobe za su shiga hamada. Lambarsa ta daina shiga. Wannan hanya kaɗai ta rage wadda ba ta ce mata a kashe take ba, sai ta ci gaba da aikawa.

Sahiya ta ce tana son ganin abin. Aka shiga ɗaki, Muttaƙa ya rataye waya ya kunna. Ta karɓi manet ɗin ta juya shi, babban yatsanta ya faɗa cikin ramin nan da kansa. Ta daɗe a haka.

"Akwai wani abu kuma," in ji Muttaƙa. "Ban sani ba ko in nuna."

"Nuna, ɗana."

A cikin wasan ƙwallon, mutum na iya ƙera ɗan wasa da kamanninsa. Abdussamad ya ƙera nasa. Ga shi tsaye a tsakiyar fili da riga mai lamba takwas, dogo, baƙi, da ɗan gemu, sunansa a rubuce a baya. Ba ya tafiya, amma ƙirjinsa na hawa yana sauka. Can ya ƙifta ido, ya sauya ƙafa, ya dubi gefe kamar wanda aka kira. Bushira ta toshe baki ta fita. Sahiya ta matsa har numfashinta na taɓa gilashin.

"Ya ƙara wa kanshi gemu," ta ce. "Nashi bai kai haka ba. Ƙarya yake, ɗan nema." Ta yi 'yar dariya, hawaye na bin haɓarta. "Amma tsayuwar tashi ce."

Hamani ya dubi jikansa, ya dubi akwatin. Duk da haka ya faɗa. "Ki tahi da shi, baiwar Allah. Naku ne."

"In kai shi ina? Ba mu da wuta. Kuma in shina ɗakina, na san hannuna ne ya kunna." Ta share fuska da bakin mayafi. "Abu guda nika roƙo. Bushira ta ce in kun kunna, wani ɗigo kan yi kore cikin wayarta, gefen sunanshi. Ku riƙa kunnawa ran Juma'a bayan masallaci. Kar ku amsa komi. Na san ba shi ba ne, ban haukace ba. Amma ku kunna in gani."

"Ni ban iya ba," in ji Hamani. A ranar gaskiya ya faɗa.

Sahiya ta juya wajen Muttaƙa. Ba ta san komai game da jakar da ke cikin rumbu ba, ba ta san abokansa sun riga sun yi magana da mai mota ba.

"Kai ka iya. Za ka yi mani, ɗana?"

Muttaƙa ya dubi mutumin da ke numfashi a cikin tele. Lantana ta fara gyaran murya don ta cece shi.

"To, Inna," ya ce.

Bayan kwana tara abokansa uku suka tafi. Ya raka su tasha, ya ɗora wa ɗaya jarkarsa a kan tasa, ya dawo ya kwanta da rana tsaka fuskarsa na kallon bango. Da Juma'a ta zo ya tashi ya rataye waya. Saƙon ya shigo kamar kullum, suka dube shi su biyu. Leɓen Hamani ya motsa, amma bai ce a rubuta ba.

Daga baya yaron ya ga hanyar fita, ya ce zai koya wa kakansa. Abu uku ne kawai: a taɓa wani wuri a waya, a rataye ta, a danna maɓallin tsakiya. Ya nuna masa sau goma, sau ashirin. Kullum Hamani sai ya danna na gefe, ko ya riƙe manet a juye, ko ya ce idonsa ba ya ganin rubutun.

"Tsoho, akuya ma da ta iya yanzu!"

"To kira ta."

Wata rana Lantana na tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Mutumin da ya riƙe lambar kamiyo ɗari a kai, maɓalli uku sun gagare shi." Hamani ya ci gaba da gyaran igiyar gugansa.

A damina ta biyu zazzaɓi ya kwantar da Muttaƙa, ranar Juma'a ta same shi yana barcin magani. Hamani ya dawo daga masallaci ya tsaya a kansa, ya ga ba shi da niyyar farkawa. Ya zare wayar daga ƙarƙashin matashi, ya taɓa inda ake taɓawa, ya rataye ta a ƙusa, ya danna na tsakiya. Ɗigon ya yi kore. Ya zauna shi kaɗai da mai lamba takwas, suna duban juna, har saƙon ya shigo. Sannan ya kashe, ya mayar da zane yadda yake, ya mayar da wayar inda ya ɗauke ta. Da la'asar yaron ya farka a firgice yana cewa ya yi latti, ya ja jiki ya kunna. Hamani na kallonsa, bai gaya masa ya riga ya kunna ba. Wannan ma yana cikin abubuwan da yake roƙon gafara a kansu, tare da kwana ukun nan, kuma bai daina yin sa ba.

Cikin abokan nan uku, ɗaya ya dawo da babur, ɗaya na kira daga Aljeriya lokaci lokaci, ɗaya ba a ji ɗuriyarsa ba. Muttaƙa bai taɓa cewa ya fasa tafiya ba. Cewa yake sai an samu wanda zai karɓe shi a kunnawar Juma'a.

Yanzu shekararsa goma sha tara, yana koyon walda a bakin hanyar Ƙonni, yana kwana a gidan kakansa. Hamani na nan Malbaza, ƙafa ta fara gajiya, ba ya zuwa gona sai a amalanke. Akwatin na ɗakinsa a kan tebur, da sunan Abdussamad a ciki, kuma har yau ba a ji labarin Abdussamad ba.